Zuwa Sikotland da hunturu don kallon taurari da bukukuwan gargajiya: tambayoyi da amsoshi

Yawancin masu yin waɗannan tambayoyi ɗalibai ne da ma'aikata mazauna Birtaniya da ke da hutun ƙarshen shekara, sai kuma 'yan kaɗan masu shirin tasowa daga gida. Tambayoyin kan maimaita kansu, shi ya sa aka tara su wuri guda.

Me zai kai mutum Sikotland a tsakiyar sanyi, alhali kowa a watan Yuli yake zuwa?

Dare ne zai kai shi. Edinburgh tana kan digiri 56 arewa da tsakiyar duniya, Kano kuwa tana kan 12, kuma wannan tazara ita ke juya tsawon yini. Ranar 21 ga Disamba rana ba ta fitowa a Edinburgh sai wajen 8:40 na safe, kafin 3:45 na yamma kuma ta faɗi. A Lerwick, babban garin tsibiran Shetland, yinin bai cika awa shida ba. Ke nan tun ƙarfe shida na yamma duhu ya gama kankama, ba sai ka hana kanka barci ba. A watan Yuni abin kishiya ne: sama ba ta yin baƙi sosai ko da tsakar dare, har mutanen Shetland suna da suna na musamman ga wannan haske-hasken, simmer dim. Mai neman taurari ba shi da abin yi a can a lokacin.

Shi wannan dogon duhu ne kuma ya haifar da yawancin al'adun da ake zuwa kallo. Mutanen da rana ta yi wa rowa sun koyi kunna wuta a titi, su taru a ɗaki guda da goge da waƙa. Daga 30 ga Nuwamba, ranar waliyyin ƙasar Andarawus, zuwa ƙarshen Janairu, biki yana bin biki.

Ni a ƙauye na tashi, a tabarma muke kwana a tsakar gida. Me zan gani wanda ban gani ba?

Tambaya ce ta gaskiya. Wanda ya kwana a dajin Damargu ko wata ruga bayan ɗaukewar damina ya ga duhun da Bature ke biyan kuɗi ya nema. Yawan taurari ba zai ba ka mamaki ba, zamansu ne zai ba ka. Tauraron arewa, wanda a Kano yake can ƙasa kusa da kan bishiyoyi, a Sikotland sai ka ɗaga kai sosai, don tsayinsa a sama daidai yake da digirin wurin da kake tsaye. Taurari bakwai ɗin nan masu siffar ludayi ba sa faɗuwa ko kaɗan, suna ta kewaya shi har asuba. Kaza da 'ya'yanta tana nan yadda ka san ta. Amma Suhailu, mai hasken nan da ke fitowa ta kudu da hunturu a ƙasar Hausa, ba ya leƙowa Sikotland sam.

Bambanci na biyu iska ce. Hunturunmu na zuwa da hazo da ƙura, nasu kuwa idan gajimare ya yaye bayan ruwa, sararin yakan fito tas kamar an wanke shi. Na uku shi ne hasken arewa, wani haske mai launuka da kan bayyana a sama da dare, wanda yake da tasa tambayar a ƙasa.

Waɗanne wurare ne aka san su da duhu?

Akwai wata ƙungiya mai hedikwata a Amurka, DarkSky International, da ke auna duhun wuri ta ba shi shaida idan mazauna sun yarda su rage fitilu su kuma karkatar da su ƙasa. Gandun dajin Galloway a kudu maso yamma shi ya fara samun wannan shaida a duk Birtaniya, a 2009. Faɗinsa ya kai murabba'in mil 300, mazaunansa 'yan ƙalilan ne, kuma tafiyar kimanin awa biyu ce a mota daga Glasgow. Yawanci a garin Newton Stewart ake sauka, da dare a nufi bakin tafkin Clatteringshaws ko Glentrool. Ɗakin kallon taurarin da aka buɗe kusa da Dalmellington a 2012 gobara ta cinye shi a 2021, don haka kada tsohon shafin intanet ya sa ka yi tafiyar banza.

Garin Moffat ya samu tasa shaidar a 2016 bayan ya sauya fitilun titinsa, kuma shi ya fi sauƙin zuwa, don yana gefen babbar hanyar Glasgow zuwa Ingila. Yankin Tomintoul da Glenlivet a tsaunukan Cairngorms ya samu a 2018. Daga cikin tsibirai akwai Coll tun 2013, inda babu fitilar titi ko ɗaya, da North Ronaldsay a Orkney tun 2021, da Rum tun 2024, wanda mazaunansa ba su wuce 'yan gomomi ba.

Idan zaɓi ɗaya za a ba ni, gabas zan nufa. Iskar da ke kawo ruwa daga tekun Atlantika take tasowa, tana sauke kayanta a yamma, don haka ɓangaren Moray da Aberdeenshire ya fi samun dare mai haske. Tsibiran yamma sun fi kyau a hoto, amma sun fi kwana cikin gajimare.

Waɗanne ranaku zan zaɓa?

Duba kalandar Hijira, ta fi ta Miladiyya amfani a nan. Farin wata na daren 14 yana shafe ƙananan taurari kamar fitilar titi. Daga wajen 24 ga wata zuwa 3 ko 4 ga mai kamawa shi ne lokacin. Idan hakan ya dace da daren 13 zuwa 14 ga Disamba, ka yi sa'a, don a daren ne taurari masu gilmawa na Geminid suka fi yawa, ɓurɓushin dutse ne da ke ƙonewa idan ya shigo iskar duniya. Akwai wani zubin a daren 3 zuwa 4 ga Janairu, sai dai ƙarfinsa 'yan awoyi ne kawai. Sauran aikin shi ne haɗa waɗannan da ranakun bukukuwa da ke cikin amsoshin Hogmanay (bikin daren sabuwar shekara) da bukukuwan wuta a ƙasa.

Tabbas zan ga hasken arewa?

A'a. Duk wanda ya ba ka tabbaci, kuɗinka yake so. Hasken yana samuwa ne idan rana ta feso ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa arewa, suka yi karo da iskar da ke sama da kilomita 100. Iskar oksijin ke ba da kore da ja, naitirojin ya ba da shuɗi da shunayya. Rana tana da zagaye na kimanin shekara 11 na tashi da lafawa. A daren 10 ga Mayu 2024, tana kan ganiyarta, an ga hasken har kudancin Ingila, amma irin wannan ba kullum ba ne.

Sai abu uku sun haɗu: rana ta yi feshi, sama ta yaye, kai kuma kana wurin da babu fitila ta arewa da kai. Shetland da Orkney da Caithness da gaɓar Moray sun fi dama. Mutanen Shetland suna ce masa Mirrie Dancers, masu harshen Gelik, tsohon harshen tsaunuka da tsibiran yamma, kuma Na Fir Chlis, duka biyun suna kwatanta shi da masu rawa. Jami'ar Lancaster tana da manhajar AuroraWatch UK mai aiko da sanarwa kyauta. Ka kuma sani cewa kyamara ta fi ido kama launi. Sau da yawa abin da idonka zai gani fari-fari ne kamar hayaƙi, sai ka ɗauka a waya kore ya bayyana.

Idan na biya kuɗi na zo, gajimare ya rufe sama mako guda fa?

Yana faruwa, har ma ya fi akasinsa faruwa. Shi ya sa shawarar da ta fi kowace a wannan shafi ita ce kada a gina tafiyar a kan taurari. A gina ta a kan abin da ke da rana a kalanda, wato biki ko kiɗa ko ziyarar wani tsohon wuri, a bar sama ta zama gyara irin ta mai awo. A ware aƙalla dare huɗu a wuri mai duhu, a riƙa duba hasashen hukumar yanayi ta Met Office da yamma. Yanayinsu ba ya zama wuri ɗaya: ana iya tsuga ruwa ƙarfe bakwai, ƙarfe tara taurari su cika sama, don haka a ajiye takalmi a bakin ƙofa. Ko bikin ma ba ya tsira ɗari bisa ɗari, don a Disamban 2024 iska ta sa an soke shagalin titi na sabuwar shekara a Edinburgh.

Mene ne Hogmanay, kuma me ya sa ya fi Kirsimeti armashi a can?

Hogmanay shi ne daren 31 ga Disamba. Bayan ƙasar ta koma ɗariƙar Furotesta, shugabannin coci sun ɗauki bikin Kirsimeti a matsayin bidi'a, majalisa ta haramta shi a 1640, kuma bai zama ranar hutu a hukumance ba sai 1958. Shekaru ɗaruruwa mutane suna zuwa aiki ranar 25 ga Disamba, sai duk ziyara da kyauta da ciye-ciye suka koma sabuwar shekara. Har yau 2 ga Janairu hutu ne a Sikotland, a Ingila kuwa ranar aiki ce.

Al'adar da ta fi daɗi ita ce ta ƙafar farko. Wanda ya fara tsallaka ƙofar gida bayan sha biyun dare shi ake cewa ya shigo da sa'ar shekara, kuma an fi son dogon namiji mai baƙin gashi, riƙe da gawayin kwal da biskit ɗin man shanu da ake kira shortbread, wani lokaci da gishiri ko wiski. Bahaushe dogo dai ya cika sharuɗɗan ba tare da wahala ba, kuma biskit kaɗai ya isa. Kafin daren ana share gida a kwashe toka, a yi ƙoƙarin biyan bashi. Shagalin titin Princes a Edinburgh da tikiti ake shiga, da cunkoso da shaye-shaye da yawa. Mai son ganin al'ada ya fi dacewa ya nufi ƙaramin gari.

Waɗanne ne bukukuwan wuta, kuma wanne ya cancanci wahala?

A Stonehaven, kimanin mil 15 kudu da Aberdeen, da agogo ya buga sha biyun daren Hogmanay mutane wajen arba'in ke fitowa suna wulwula dunƙulen wuta a bakin sarƙa bisa kawunansu, su bi babban titi, a ƙarshe su jefa cikin teku. Bai wuce rabin awa ba, amma sai ka zo da wuri ka samu wurin tsayawa. A Burghead da ke gaɓar Moray, ranar 11 ga Janairu suke nasu. Da Birtaniya ta sauya kalanda a 1752 aka tsallake kwana 11, mutanen garin suka riƙe tsohon lissafi. Suna cinna wa gangar kwalta wuta, Clavie, su zaga gari da ita a kafaɗa zuwa kan tudun Doorie, kowa yana neman guntun gawayinta ya kai gida. Wannan ne ya fi dacewa da mai kallon taurari, don gaɓar tana fuskantar arewa kuma Tomintoul ba ta da nisa.

Babbansu shi ne Up Helly Aa na Lerwick, ranar Talatar ƙarshe ta Janairu. Shetland tana ƙarƙashin sarautar Norway har 1469, kuma bikin, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a shekarun 1880, tunawa ne da wannan asali. Mutane kusan dubu ke jerin gwano da sandunan wuta, an kashe fitilun titi, suna jan jirgin ruwa irin na Viking, mayaƙan teku na zamanin da daga Norway da maƙwabtanta, wanda aka yi watanni ana sassaƙawa, sannan su jefa masa wutar ya ƙone ƙurmus. Sai a 2023 aka fara barin mata su shiga jerin. Masauki a Lerwick kan ƙare watanni da yawa kafin ranar, kuma shagalin dare a zauruka galibi da gayyata ko tikiti ne. Duba amsar sufuri kafin ka yanke shawara.

An gayyace ni cin abincin daren Burns. Me ake yi, kuma zan iya cin haggis?

Robert Burns mawaƙin ƙasar ne, manomi, an haife shi 25 ga Janairu 1759 a Alloway, ya rasu 1796 yana da shekara 37. Abokansa suka fara taruwa don tunawa da shi a 1801, abin ya ɗore. Ana shigo da haggis a faranti mai busa yana gaba, wani ya tashi ya karanta waƙar da Burns ya yi wa abincin cikin harshen Sikots, ya farke shi da wuƙa, sai jawabai da barkwanci tsakanin maza da mata.

Haggis kayan cikin tunkiya ne, zuciya da hanta da huhu, a niƙa da hatsin ot da albasa da kitse da yaji, a dafa cikin tumbi. Wanda ya saba da kayan ciki ba zai ga baƙon abu ba. Matsalar Musulmi ita ce yanka, kuma wasu masu yi suna sa kayan alade. Akwai na ganye da wake a kusan kowane babban kanti, wasu mahauta Musulmi a Glasgow ma suna yin na halal. Ka faɗa wa mai gayyata tun da wuri. Ka kula da miyar da ake zubawa a kai, sau da yawa da wiski a ciki, haka ma kayan zaƙin da ake kira cranachan. Black pudding da jini ake yin sa. Abin da za ka ci hankali kwance shi ne Cullen skink, miyar kifi mai hayaƙi da dankali da madara. Idan an ɗaga kofi, ɗaga na ruwa, ba mai kallonka.

Mene ne ceilidh? Dole ne in sa siket ɗin nan nasu?

Ana furta shi keili. Asalinsa a Gelik hira ce ta dare a gidan maƙwabci, da tatsuniya da waƙa, yau kuwa rawa ce ta taro da goge da akodiyon. Akwai mai kira da ke koyar da taku kafin kowace rawa, don haka rashin iyawa ba hujja ba ce. Maza da mata na riƙe hannu suna sauya abokan rawa. Wanda hakan bai kwanta masa ba ya zauna ya sha kiɗa. Mai son kiɗan zalla ya nufi bikin Celtic Connections na Glasgow, wanda ake yi a rabin ƙarshe na Janairu tun 1994.

Kilt ba dole ba ne, kuma kada ka ce masa siket a gabansu. Bayan yaƙin Culloden a 1746 gwamnati ta haramta wa mutanen tsaunuka sa shi har zuwa 1782, shi ya sa suke riƙe da shi da alfahari. Babbar riga da hula ma suna karɓuwa a irin wannan taro, in dai da wando mai ɗumi a ciki.

Akwai wurin da tarihi da kallon sama suka haɗu?

Maeshowe a Orkney. Kabari ne na dutse mai kimanin shekara 5,000, an gina doguwar hanyar shigarsa ta yadda a makonnin da ke kewaye da 21 ga Disamba hasken faɗuwar rana ke ratsa ta ya haska bangon ciki. Da rakiya kawai ake shiga, sai an yi rajista tun da wuri. Clava Cairns kusa da Inverness ma yana fuskantar faɗuwar ranar hunturu, shiga kyauta ne, kuma yana dab da filin Culloden.

Yaya salla take a irin wannan gajeren yini?

Lokutan suna matsewa. A Disamba Azahar kan shiga jim kaɗan bayan sha biyu, La'asar kafin ƙarfe biyu, Magariba kafin huɗu, don haka fita yawo ɗaya na iya cinye salla uku. Alƙibla kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda aka saba a gida. Ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi kafin ka taso. Akwai manyan masallatai a Glasgow da Edinburgh da Aberdeen da Dundee, akwai a Inverness, har Stornoway a tsibirin Lewis ta samu nata a 2018. A Lewis da Harris ɗin kuma yawancin shaguna na rufe ranar Lahadi saboda riƙon addinin mazauna, ka yi cefane ran Asabar.

Sanyin ya kai yaya, me zan sa?

Da rana ma'auni kan tsaya wajen maki 5, da dare ya sauka sifiri ko ƙasa. Mafi tsananin da aka taɓa aunawa a Birtaniya, 27.2 ƙasa da sifiri, a Braemar da Altnaharra aka auna shi. Amma ba lambar ce ke wahalarwa ba, iska ce da laima, ga shi mai kallon taurari tsaye yake wuri ɗaya. Sa kaya hawa uku: na ciki mai manne jiki wanda ba auduga ba, suwaita ta ulu, sai riga mai hana ruwa da iska. Takalmi mai kaurin ƙasa, safa biyu, hular da ta rufe kunne, safar hannu, da shayi a fulas. Sanyi na zuƙe batirin waya, sa ta a aljihun ciki.

Sai na sayi na'urar hangen nesa?

Ba sai ka saya ba. Madubin hange mai ido biyu, 10x50, ya isa ya nuna maka tarin taurarin Andromeda, wanda haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya kuma ya mayar da kai farko, don haka a yi amfani da tocila mai jan haske. Dokar ƙasa ta 2003 ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye da dazuzzuka ko da dare, muddin bai shiga harabar gida ba, bai tsorata dabbobi ba, ya kuma bar ƙyauren gona yadda ya same shi.

Yaya sufuri, kuma biza fa?

Daga tashar Euston a Landan akwai jirgin ƙasa na kwana, Caledonian Sleeper, zuwa Edinburgh da Glasgow da Aberdeen da Inverness da Fort William. Shetland kuwa jirgin ruwan NorthLink ne daga Aberdeen, awa 12 zuwa 14 cikin dare, a tekun da ba ya wasa da hunturu, ko jirgin sama na Loganair. Coll daga Oban ake zuwa, Rum daga Mallaig, a jiragen CalMac da iska kan hana tashi. Kada ka sa ranar dawowa daga tsibiri dab da ranar jirginka na gida.

Wuraren duhu kusan duka sai da mota. Ana tuƙi ta hagu, hanyoyin ƙauye da yawa layi ɗaya ne da wuraren rabewa, barewa na faɗowa titi da dare, ƙanƙara kuma kan kwanta a kwalta ba a ganinta. Hanyar A939 daga Cock Bridge zuwa Tomintoul tana cikin waɗanda dusar ƙanƙara ke fara rufewa. Wanda bai taɓa tuƙi a irin wannan ba ya sauka a Moffat, ko ya bi masu rakiya na Galloway. Lambar gaggawa 999 ce.

Mai fasfo na Najeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar ziyara ta Birtaniya, ta Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta aiki. Ana iya nema tun wata uku kafin tafiya, amsa kan ɗauki kimanin mako uku, a ƙarshen shekara kuma layi na tsawo. Fam ake kashewa, sai dai bankuna uku na Sikotland suna buga nasu takardun kuɗin. Ka kashe su ko ka canza su kafin ka baro Birtaniya, don 'yan canji a gida da wuya su karɓa.